Ƙaura da lafiyar jiki: abin da ya sami mutanen Tokelau

Tokelau ƙananan tsibirai ne guda uku a tekun Fasifik: Atafu, Nukunonu da Fakaofo. A 1966 guguwa ta yi musu mummunar ɓarna, sai gwamnatin New Zealand, wadda tsibiran ke ƙarƙashinta, ta ƙara ƙaimi wajen kwashe mutane zuwa ƙasarta. Daga 1968 zuwa 1982, likita Ian Prior da wasu masana zamantakewa suka riƙa auna lafiyar waɗanda suka tafi da ta waɗanda suka zauna. Dangi ɗaya ne, jini ɗaya, wurin zama kawai ya bambanta.

A gida cimarsu kwakwa ce da kifi, kuma sai an hau bishiya ko an tuƙa kwalekwale kafin a ci. A garuruwan New Zealand irin su Porirua kuwa, burodi da sukari da nama suka maye gurbi. Ba a daɗe ba jiki ya nuna: ƙiba ta ƙaru, jinin maza ya hau, ciwon suga da ciwon gaɓoɓin nan na gawut suka yawaita. Na gida ma ba su tsira sarai ba, don jiragen ruwa sun fara sauke musu fulawa da sukari.

Abinci kaɗai bai gama bayanin ba, kuma nan ne binciken ya fi jan hankalina. An lura cewa baƙin da suka fi kutsawa cikin rayuwar Turawan ƙasar jininsu ya ɗan fi hawa. A Tokelau akwai al'adar inati: in maza sun kamo kifi, a raba wa kowane gida gwargwadon bakunan da ke cikinsa, har gidan da ba shi da mai fita kamu. Wanda ya taso a haka, ya wayi gari albashinsa ne kaɗai gatansa, dole zuciya ta ɗau kaya. Wani binciken da aka fara a Auckland a 2000, kan yara 1,398 'yan asalin tsibiran Fasifik, ya gano cewa uwayen da suka riƙe al'adunsu sun fi dacewa da lafiyar kansu da ta jariransu.

Kada dai a ɗauka zumunci ba shi da nauyi. 'Yan tsibiran Samoa na Fasifik da ke ƙetare sun san yadda gudummawar biki da ta mutuwa da kuɗin coci ke cinye albashi, har a koma sayen nama mai arha, mai kitse.

Duk wanda ya bar ƙauye ya koma birni, ko ya tafi ci-rani ƙetare, irin wannan sauyin na jiransa. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya shekaru da shi bai ji komai ba. A je asibiti a auna jini da suga ko da ana jin garau, a rage gishiri da lemon kwalba, musamman in tumbi ya fara fitowa.