Gretel Bergmann: Bayahudiyar da aka hana shiga Olamfik saboda asalinta

A Jos ba sai an yi wa mutum dogon bayani a kan tambayar nan ta "ɗan ina ne kai?" ba. An haife ka a gari, ka tashi a gari, amma ranar neman aiki ko gurbin karatu sai a ce ka kawo takardar asali. To, irin wannan tambaya ta taɓa shiga filin wasa a Jamus, ta cinye wa wata yarinya damar da ba ta sake samu ba.

Sunanta Gretel Bergmann, an haife ta a garin Laupheim a 1914. Gwana ce a tsallen sama, wato ƙetare sandar da aka gicciye. Da Hitler ya hau mulki a 1933, sai ƙungiyar wasanta ta kore ta, ba don komai ba sai don Bayahudiya ce. Ta tafi Ingila, ta lashe gasar ƙasar a 1934.

Me ya dawo da ita gida? Amurka ce ke barazanar ƙaurace wa gasar Olamfik ta Berlin saboda wariyar da ake nuna wa Yahudawa. Sai gwamnatin Nazi ta matsa wa danginta lamba ta dawo, don duniya ta ga wai ba a ware kowa ba.

A ƙarshen watan Yunin 1936 ta tsallake mita 1.60, daidai da bajintar da ta fi kowacce a Jamus. Amma da jirgin ruwan 'yan wasan Amurka ya taso, sai ga wasiƙa: an cire ta, wai ba ta taɓuka abin kirki ba. Kun ji fa!

Ga abin mamaki: wadda ta ci zinare a Berlin, Ibolya Csák ta Hungary, ita ma Bayahudiya ce, kuma 1.60 ɗin nan ce ta kai ta zagayen raba gardama.

Gretel ta koma Amurka a 1937, ta zama zakarar ƙasar sau biyu a jere. Sai a 2009 hukumar wasannin Jamus ta mayar da bajintarta cikin kundi, tana da shekara 95. Ta rasu a New York a 2017. An gyara takarda, amma filin Berlin kam, ba ta taɓa yin tsalle a gasarsa ba.