Me Ake Zuba wa Yaro a Kwano a Yankwashi?

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. A ƙauyukan Yankwashi da ke jihar, uwa na gona ko wurin sana'a, yaro na hannun kaka ko 'yar raino, abincinsa kuwa kunun gero tsurarsa. Cikinsa zai cika, amma jiki ba zai ginu ba.

Nono zalla ake so har wata 6. Daga nan a haɗa garin kunun da gyaɗa da waken soya, a riƙa ba shi ƙwai da zogale, shayarwa kuma ta ci gaba har shekara 2. Koyarwar nan kada ta tsaya kan uwa kaɗai, domin kaka ce ke damawa, uba ne ke cefane. Maigida, ƙwan gidanka ya fara shiga bakin ɗanka kafin kasuwa.