Harshen Da Ba A Taɓa Rubutawa Ba

Ku sani, Farisanci ana rubuta shi da haruffan Larabci, ya kuma ari kalmomi masu yawa daga Larabci, amma a wajen nasaba ɗan'uwan Ingilishi ne. Alƙalami ba shi shaidar asali.

Wanda ya shahara da bayyana wannan magana wani alƙali ne Bature, Wiliyam Jons, a birnin Kalkata na ƙasar Hindu, cikin shekarar 1786. Ya san Larabci da Farisanci, kana ya karanta Sanskirit, harshen littattafan Hindu. Ya ce shi da Yunananci da Latinanci tushe guda suka fito. Ga misali: uba a Sanskirit pitar, a Latin pater, a Farisanci pidar, a Ingilishi father.

Kamanni kaɗai ba hujja ba ne, gama Bafarise da Bature duka suna cewa bad ga mummunan abu, alhali kuwa dace ne kurum. Hujja ita ce ƙa'ida mai ɗorewa, irin wadda masu sarfu suka sani. Yakubu Girim, Bajamushe, ya tsara ta a 1822: inda Latin ke da p, Ingilishi na da f, kamar piscis da fish, watau kifi. Da irin wannan awo aka komar da kalmomi ga asalinsu, har aka tayar da harshen da babu allo ko takarda da ta riƙe shi.

To, ina mazaunin masu shi? Kalmominsu ne suka tona su. Suna da sunan doki, da karkiya, da gashin tumaki, da ƙafar keken shanu, ita kuwa ƙafar keke ba ta bayyana ba sai wajen shekara 3500 kafin haihuwar Annabi Isa. Makiyaya ne, dukiyarsu garke. Fatake su lura, kalmar Latin ta kuɗi, pecunia, daga pecu ta fito, watau dabbobi.

Malamai sun yi saɓani. Kolin Ranfuru a 1987 ya ce manoman Anadol ne, ƙasar Turkiyya ta yau. Mariya Gimbutas tun 1956 ta ce filayen ciyawa ne arewacin Baƙin Teku, a Yukren da kudancin Rasha. A 2015 aka auna kwayoyin gado cikin ƙasusuwan tsofaffin kaburbura, aka ga jama'a mai yawa ta ƙaura daga filayen nan zuwa tsakiyar Turai shekara wajen 4500 da suka shige. Maganar Mariya ta rinjaya, ko da yake harshen Hittiyawa na Anadol, wanda ya riga dukan danginsa shiga rubutu, har yanzu ana muhawara kan hanyar da ya bi ya isa can.