Ƙwallon Kwando da Gambarar Zamani a Garin Jos

Ƙwallon kwando wasa ne na mutum biyar-biyar, kowane ɓangare yana ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin zoben da aka kafa a tsayin ƙafa 10, wato mita 3.05 daga ƙasa. Jifan kusa maki 2 ne, na bayan dogon layin nan mai siffar baka maki 3, wanda kuma aka ba ɗan wasa don an yi masa ƙeta maki 1. Wani malamin motsa jiki ɗan Kanada, James Naismith, shi ya ƙirƙiro wasan a 1891 a garin Springfield na Amurka, domin ɗalibansa su sami abin yi a cikin ɗaki lokacin hunturu. Kwandunan zuba 'ya'yan itace ya fara ratayewa, kuma daga nan sunan ya fito.

A Jos ƙwallon ƙafa ne sarki. Garin Mighty Jets ne, garin Plateau United da ta ɗauki kofin gasar lig ta Najeriya a 2017, garin da Mikel Obi da Ahmed Musa suka tashi. Duk da haka ƙwallon kwando yana da mutanensa, kuma ba su da yawan da za su cika gidan kallo, amma sun san wasansu ciki da bai. Ta makarantu ya fi shigowa. Haƙar kuza ta tara ƙabilu da Turawa a kan tsaunin Filato tun farkon ƙarni na 20, sanyin garin kuma ya jawo 'yan mishan suka kafa makarantu, cikinsu har da Hillcrest da aka buɗe a 1942, wadda ke bin tsarin karatun Amurka. Jami'ar Jos, da ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971 ta tsaya da ƙafarta a 1975, ta ƙara yawan matasa masu bibiyar abin da ke faruwa a waje. Jihar tana da ƙungiyar maza, Plateau Peaks, da ta mata, Plateau Rocks.

Abin da magoya baya suka fi kallo shi ne gasar ƙwararru ta Amurka, NBA, mai ƙungiyoyi 30, kowace tana buga wasa 82 kafin a shiga zagayen fitar da gwani. Bambancin agogo ya sa wasannin suna faɗowa tsakanin ƙarfe 12 na dare da asuba a lokacin Najeriya. Wanda ya raba dare a sanyin Disamba na Jos yana kallon wasa a waya, ba ya yarda a ce masa bai san ƙwallo ba, shi ya sa gardamar da ake yi da safe a teburin mai shayi ko a bakin fili take da zafi. Mafi yawa kuwa guntayen bidiyo suke gani washegari, abin da ke sa su fifita mai tsalle ya dankara ƙwallo cikin zobe a kan mai tsaron gida da aikinsa ba ya ɗaukar ido.

Babbar gardama ita ce ta gwanin gwanaye. Manya, waɗanda suka yi samartaka a shekarun 1990 suna kallon kaset ɗin bidiyo, suna tare da Michael Jordan: kofi shida ya ci wa Chicago Bulls tsakanin 1991 da 1998, kuma bai taɓa zuwa wasan ƙarshe na NBA ya faɗi ba. Matasa suna kawo LeBron James, wanda ya ɗauki kofi huɗu da ƙungiyoyi uku, kuma a Fabrairun 2023 ya wuce maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar ya zama wanda ya fi kowa maki a tarihin gasar. Hujjar farko ta kammala ce, ta biyu ta daɗewa ce, kuma da yake ma'aunin ba ɗaya ba ne, musun ba ya mutuwa. Akwai kuma 'yan Stephen Curry, wanda jifansa daga nesa ya canja yadda ake buga wasan baki ɗaya. Masu horar da yara sukan koka cewa yanzu kowane yaro so yake ya tsaya a nesa ya wurga, alhali bai iya miƙa ƙwallo ga ɗan'uwansa ba. Kokensu yana kan hanya, sai dai Curry ya yi wa marasa tsawo alheri, domin ya nuna cewa ba sai dogo zanƙalele ne kaɗai ke da rabo a wasan ba.

Sunan da ba a cika jayayya a kansa ba shi ne Hakeem Olajuwon. An haife shi a Legas a 1963, ya tafi Jami'ar Houston, kuma a 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa, Jordan ya zo na uku. Ya ci wa Houston Rockets kofi a 1994 da 1995. Musulmin Jos suna ƙara masa da wani abu: yakan buga wasa da azumi a bakinsa, har a Fabrairun 1995, da ya dace da watan Ramadan, aka zaɓe shi gwarzon wata.

Daga kan Olajuwon ake shiga gardama ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi ga ɗan Jos: wasan jami'a ko na ƙwararru? A Amurka jami'o'i suna da gasarsu a ƙarƙashin hukumar NCAA. Wasan maza minti 40 ne, kashi biyu, kuma ƙungiya tana da daƙiƙa 30 ta yi jifa. A NBA minti 48 ne, kashi huɗu, daƙiƙa 24. A watan Maris jami'o'i 68 ke shiga gasar sili-ɗaya-ƙwale, wanda ya faɗi sau ɗaya ya tafi gida. Masu son wasan jami'a suna cewa a nan ake ganin zuciya da biyayya ga koci da wasan haɗin kai, domin yaro yana buga wa makarantarsa da makomarsa ne. Masu son NBA suna cewa kurakurai sun yi yawa a can, gwaninta kuma tana wajen ƙwararru. Kowa yana da misalinsa. Jordan ya yi shekara uku a Jami'ar North Carolina ya ci kofi a 1982. Kobe Bryant a 1996 da LeBron a 2003 daga sakandare suka wuce kai tsaye. Olajuwon ya kai wasan ƙarshe na jami'o'i a 1983 da 1984, ya faɗi duka biyun, wannan bai hana shi zama abin da ya zama ba. Tun 2006 dokar NBA ta ce sai ɗan wasa ya kai shekara 19 kafin a ɗauke shi, abin da ya sa fitattu da yawa suke yin shekara ɗaya tak a jami'a su fice. Tun Yulin 2021 kuma an yarda ɗalibi ya karɓi kuɗin talla da sunansa, don haka tsohuwar maganar cewa ɗan jami'a ba don kuɗi yake wasa ba ta yi rauni.

Ga yaro mai tsawo a Bukuru ko Tudun Wada, wannan ba hira ba ce kawai. Jami'ar Amurka ita ce hanyar da aka fi sani: a gan shi a sansanin horo, a ba shi gurbin karatu kyauta, ya yi digiri yana wasa. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya bi ta wata ƙaramar kwaleji a jihar North Dakota. Bai buga NBA ba, amma ya zama shugaban Toronto Raptors da ta ci kofi a 2019, kuma tun 2003 gidauniyarsa ta Giants of Africa take shirya wa yara sansani. Solomon Alabi, haifaffen Kaduna, ya bi ta Jami'ar Florida State ya shiga NBA a 2010. Ejike Ugboaja kuwa daga ƙungiyar Union Bank ta Legas aka zaɓe shi a 2006, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Mutum 60 kacal ake ɗauka a zaɓen NBA a shekara daga duniya duka. Saboda haka kocin da ke matsa wa yaro ya riƙe karatu ya fi wanda ke cika masa kunne da NBA gaskiya, domin takardar digiri ita ce ribar da akasarin masu tafiya suke dawowa da ita.

A gida akwai matakan, ƙarfinsu ne bai kai ba. Gasar Milo ta makarantun sakandare tana gudana tun 1999, jami'o'i suna haɗuwa a wasannin NUGA, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe da suna a wasan saboda aikin koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya zauna a Zariya shekaru masu yawa. Gasar ƙwararru an saba raba ta shiyya biyu, Savannah ta Arewa, inda Plateau Peaks ke karawa da irin su Kano Pillars da Gombe Bulls, da Atlantic ta Kudu. Rikicin shugabanci da ya raba hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa gida biyu a 2017 ya gurgunta gasar shekaru, kuma a Mayun 2022 gwamnati ta janye Najeriya daga wasannin duniya. Kafin a soke matakin, 'yan mata sun rasa gurbinsu na gasar cin kofin duniya, Mali ta maye shi. Wannan ne ya sa alfahari da ƙungiyoyin ƙasa yake zuwa da ɗan ɗaci. Maza sun ci kofin Afirka a Tunisiya a 2015, kuma a Yulin 2021 sun doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunta, bayan Amurkan ta lallasa su 156 da 73 a Landan a 2012. Mata sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a 2024 suka zama ƙungiyar Afirka ta farko da ta kai zagayen 'yan takwas a wasannin Olamfik. Amma yawancin 'yan wasan a jami'o'in Amurka aka horar da su, wasu ma can aka haife su. Magoya baya sun rabu: wasu na cewa jini ai jini ne, har Giannis Antetokounmpo na Girka nasu ne tunda iyayensa 'yan Najeriya ne, wasu na tambayar ina rabon yaron da ya koyi wasa a siminti mai tsagewa a Jos.

Kiɗan da ke tashi a gefen wannan fili shi ne hip-hop, wanda Hausawa suka raɗa wa gambarar zamani, saboda kamarsa da 'yan gambara na gargajiya wajen zuba magana a kan kiɗa da kirari da habaici. Ana danganta farkonsa da wani biki da DJ Kool Herc ya yi a unguwar Bronx ta New York ranar 11 ga Agusta 1973. A unguwannin baƙar fata ɗaya ya girma da ƙwallon kwando, shi ya sa suka zama Hassan da Hussaini. Shaquille O'Neal ya fitar da faifan gambara a 1993 yana tsakiyar wasa. Allen Iverson ya shigo NBA da kitso da zanen jiki da manyan kaya, har hukumar gasar ta kafa dokar sutura a 2005. Riga marar hannu mai lamba, dogon gajeren wando, hular hana-sallah da takalmin Jordan sun iso Jos cikin dilolin gwanjo, suka zama kayan mawaƙi da ɗan wasa gaba ɗaya.

A wannan fanni Jos ba 'yar kallo ba ce. Jude Abaga, wanda aka fi sani da M.I, an haife shi a Jos a 1981, ya yi Baptist High School, ya tafi Kwalejin Calvin a jihar Michigan, ya dawo. Faifansa na 2008, Talk About It, ya tabbatar da cewa gambara da Turanci tana iya sayuwa a Najeriya. Ƙanensa Jesse Jagz mawaƙi ne kuma mai haɗa kiɗa. Panshak Zamani, wato Ice Prince, haifaffen Minna ne da ya girma a Jos. Waƙarsa Oleku ta 2010 ta zagaye Afirka, kuma ya karɓi kyautar BET a 2013. Su ukun sun fito ne a ƙarƙashin kamfanin Chocolate City, wanda Audu Maikori, tsohon ɗalibin shari'a a Jami'ar Jos, ya kafa da abokansa a 2005. Jeremiah Gyang, mai rera waƙa da Hausa, yana cikin na farko da kamfanin ya ɗauka. 2Baba da tagwayen P-Square su ma a Jos aka haife su, ko da yake salonsu daban ne. Mawaƙan coci da kayan kiɗansu, makarantu masu ƙarfin Turanci, da Hausar da ke haɗa Birom da Angas da Bahaushe da Ibo a kasuwa ɗaya, su ne ƙasar da wannan shuka ta tsiro a kai. Garin Dan Maraya ne kuma, mai kuntigi da ya rasu a 2015, don haka waƙa mai faɗakarwa ba baƙuwa ba ce a kunnen mutanensa.

Yadda ake auna 'yan wasa haka ake auna mawaƙa. Ana jera gwanaye biyar, ana musu kan M.I da Jesse Jagz wa ya fi zurfin kalma, ana raba mai fasaha da mai kasuwa kamar yadda ake raba mai cin maki da mai cin kofi. Sabuwar gardama ita ce ta harshe, tun da ClassiQ da B.O.C Madaki daga Bauchi da DJ AB daga Kaduna suka nuna cewa Hausa tana ɗaukar gambara ba tare da ta karye ba. Iyaye da malaman addini, Musulmi da Kirista, suna da ƙorafi kan batsa da kwaikwayon shaye-shaye da ke cikin wasu waƙoƙin Amurka, kuma ƙorafin yana da tushe. Amsar masoya ita ce a saurari na gida, inda ake maganar talauci da mulki da rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 da suka raba unguwannin Jos bisa addini.

Ƙwallon kwando da gambara sun sake haɗuwa a matakin nahiya. Lokacin da NBA da hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, suka buɗe gasar zakarun Afirka ta BAL a Kigali a 2021, mawaƙin Amurka J. Cole ya buga wa ƙungiyar Patriots ta Ruwanda wasa uku, abin da ya jawo musu ko ya cancanta ko kujerar wani matashi ya tare. A 2023 Burna Boy da Tems da Rema ne suka yi waƙa a hutun rabin lokaci na wasan taurarin NBA. Sai dai hanyoyin biyu ba tsayinsu ɗaya ba daga Jos. Mawaƙi yana bukatar ɗakin naɗar sauti da waya, in ya yi suna ya koma Legas ko Abuja. Ɗan wasa yana bukatar fili mai kyau, koci, albashi da gasa mai tafiya kowace shekara. Ƙungiyar da ta zama zakara a gida ita ke wakiltar Najeriya a BAL: Rivers Hoopers ta Fatakwal ta je a 2021, Kwara Falcons a 2023, sannan Hoopers ta koma a 2024 ta zo ta uku. Ta wannan ƙofa ce Plateau Peaks za ta bi idan ɗan wasanta zai fito a idon duniya ba tare da ya ratsa ta jami'ar Amurka ba.