Tsatsar da ke ɓuya a ƙarƙashin kujera: aikin da ya kamata a yi wa motar gwanjo kafin a mayar da ita bas

Da yawa daga cikin ƙananan motocin bas da ke jigilar fasinjoji tsakanin biranen Najeriya ba a ƙera su domin ɗaukar mutane ba. Sun shigo ƙasar ne ta tashoshin jiragen ruwa na Legas a matsayin motocin dakon kaya na gwanjo, waɗanda ake kira tokunbo ko Beljiyam, babu kujeru a bayansu, wasu ma babu taga. A garejojin cikin gida ne ake yanka musu tagogi, a shimfiɗa katako ko leda a ƙasa, a ɗaure kujeru, sannan a fesa sabon fenti. Wasu kuma ana mayar da su motocin ɗaukar marasa lafiya, ko na ɗalibai, ko shagunan tafi-da-gidanka.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wani sabon aiki ya ƙaru a kan waɗannan: sanya tukunyar iskar gas ta CNG. Duk waɗannan sauye-sauye a kan abu ɗaya suke dogara, wato ƙarfen ƙasan motar. Shi kuwa wannan ƙarfe, da zarar an rufe shi da katako da kujeru, zai iya shekaru babu wanda ya sake ganinsa. Don haka ƴan kwanakin da motar take a buɗe, kafin a fara sauya mata fasali, su ne dama mafi sauƙi da arha ta kawar da tsatsa.

Daga ina tsatsar take zuwa?

Tsatsa kan samu ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. Gishiri ba shi ne ke haifar da ita ba, amma yana hanzarta ta matuƙa. A ƙasashe masu sanyi irin su Jamus da Beljiyam da Holan da Kanada da arewacin Amurka, ana watsa gishiri a kan tituna a lokacin hunturu domin narkar da ƙanƙara. Tayoyi kan fantsama wannan ruwan gishiri cikin kowane lungu na ƙarƙashin mota, ya cakuɗe da laka ya zauna. Motar da ta yi shekara goma tana aiki a can takan iso Najeriya da gishirin a jikinta, sannan ta ƙara da iskar teku yayin da take jiran a fitar da ita daga tasha.

Bushewar iskar arewacin ƙasar kan rage saurin tsatsa, amma ba ta warkar da wadda ta riga ta kama. Ita tsatsa kamar soso take: tana riƙe danshi, tana kumbura ta ɗaga fenti, ta buɗe wa ruwa sabuwar hanya. Haka kuma kayan da ake yawan ɗauka a nan, kamar takin zamani da gishiri da kanwa, da fitsarin dabbobi da ruwan batir, duk suna cin ƙarfe. Wanke cikin mota da bokitin ruwa a tasha kowace safiya ma kan bar danshi a ƙarƙashin leda.

Haɗarin ya wuce munin gani. Faifan ƙarfen ƙasan irin waɗannan motoci bai cika wuce kaurin milimita 1 ba, kuma a yawancinsu gangar jikin ce da kanta take ɗaukar nauyi. Idan mota mai gudun kilomita 50 a sa'a ta yi karo da abu tsayayye, jikin fasinja kan fizgi kujera da ƙarfin da zai iya ninka nauyinsa sau 20 ko fiye. Kujerar da aka ɗaure a kan ruɓaɓɓen ƙarfe takan tumɓuke ta afka wa na gaba. Ramin da tsatsa ta huda a ƙasa kan shigo da hayaƙin salansa, wanda ke ɗauke da iskar guba marar wari da ke sa ciwon kai da gyangyaɗi. Bututun birki na ƙarfe da ke bi ta ƙarƙashin mota shi ma kan ruɓe ya fashe a daidai lokacin da direba ya taka da ƙarfi.

Kwashewa, wankewa, busarwa

Matakin farko shi ne a fitar da duk abin da ke rufe ƙarfe: tsohon katako, leda, kafet, robobin gefen ƙofa, da tayar safiya. A ƙarƙashin katakon motocin dakon kaya ne aka fi samun ɓarna, musamman a kewayen ƙusoshin da aka kafe shi da su.

Daga nan sai a share, a wanke da ruwa da sabulu ko sinadarin narkar da maiƙo, domin fenti ba ya kama wurin da ke da giris. A ɗaga motar ko a hau da ita kan ramin wanki, a fesa ruwa mai ƙarfi a cikin kwarmin tayoyi da saman ƙarafan da suka gitta ƙasanta har sai laka ta daina fita. Bai dace a yi wanki da fetur ba, saboda tururinsa kan taru a cikin rufaffiyar mota, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. Ruwan bilic ma yana cin ƙarfe, kuma idan ya haɗu da sinadarin cire tsatsa mai ɗauke da asid yakan fitar da iska mai guba.

A ƙasan ƙofofi da dogayen ƙarafan gefe akwai ƙananan ramuka da masana'anta ta bari domin ruwa ya tsiyaye. A tsokace su da waya a tabbatar ba su toshe ba. Bayan wanki a bar motar a rana, ƙofofi a buɗe, kwana ɗaya ko biyu, domin ruwan da ke maƙale a mahaɗar ƙarafa ya fi jinkirin bushewa.

Tantance irin tsatsar

Ba kowace tsatsa ce ke buƙatar magani iri ɗaya ba. Akwai ta sama-sama, jar ƙura da samfefa ke gogewa ta bar ƙarfe mai santsi. Akwai wadda ta yi ɓawo ta bar ƙananan ramuka. Akwai kuma wadda ta riga ta cinye ƙarfen. Hanyar bambance su mai sauƙi ce: a danna wurin da bakin sukundireba, ko a ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Lafiyayyen ƙarfe kan yi amo, ruɓaɓɓe kuwa kan lotsa ko ya huje. Maganaɗisu kuma kan tona asirin wuraren da aka cike da fila aka rufe da fenti, domin ba ya mannewa sosai a kansu.

Wuraren da suka fi buƙatar bincike su ne matakalar ƙofar gefe da layin da take gudu a kai, kwarmin tayoyi, ƙarƙashin batir, kewayen gilashin gaba, magudanar ruwan rufi, da inda sifirin da shokozoba suke kama jiki. Idan ruɓewar ta kai ga waɗannan wurare na ƙarshe ko ga manyan ƙarafan da ke ɗauke da motar, ya kamata mai ita ya sake lissafi kafin ya kashe kuɗin kujeru. Laka a bayan dashbod da warin rima kuwa alama ce ta motar da ambaliya ta taɓa shanyewa.

Gyara bisa tsari

Inda ƙarfe ya huje, maganinsa shi ne a yanke har zuwa lafiyayyen wuri, mai walda ya dasa sabon faifai mai kauri daidai da na asali. Cike rami da fila kitso ne a kan ƙwarƙwata. Kafin walda a cire wayar batir, a nisanci tanki da bututun mai, a kuma yi aikin a fili, domin hayaƙin ƙarfe mai rufin zinki na sa zazzaɓi. A kula kada a goge ko a yanke lambar casis, wadda a motocin Turai da Amurka take da haruffa da lambobi 17, saboda da ita jami'an Kwastam da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa suke tantance mota.

Sauran wuraren a goge su da buroshin waya da samfefa har ƙarfe ya yi haske. Abin da ya rage a cikin ƙananan ramuka shi ake shafa wa sinadarin kashe tsatsa, wanda ke mayar da ita baƙin rufi mai karɓar fenti. Wannan sinadari ba ya ratsa ɓawo mai kauri, kuma ba ya mayar da ƙarfin ƙarfen da ya tafi.

A nan ne jerin aiki yake da muhimmanci. Duk yanka da huji da walda, har da na tagogi da ramukan ƙusoshin kujeru da na mariƙin tukunyar gas, a gama su kafin a shafa fenti, domin kowane sabon huji tsirara yake barin ƙarfe. A share garin ƙarfen da yankan ya zubar, tunda shi ma kan yi tsatsa ya ɓata fenti. Tukunyar CNG ta ƙarfe kan kai nauyin kilo 60 ko fiye, tana riƙe da gas a matsi mai tsanani, don haka ita da kujeru suna buƙatar faifan ƙarfe mai kauri ta ƙarƙashi wanda zai raba nauyin, kuma sanya ta aikin cibiyoyin da aka amince da su ne.

Da zarar an goge ƙarfe, a shafa fentin share fage mai hana tsatsa a ranar, domin a wurare masu danshi kamar Legas da Fatakwal tsatsa kan dawo cikin sa'o'i kaɗan. A bi da abin liƙe mahaɗar ƙarafa, sannan fentin sama, domin yawancin fentin share fage ba ya hana ruwa shi kaɗai. A arewa, bushewar lokacin hunturu na taimaka wa aikin, muddin an kare ɗanyen fenti daga ƙura. Mai fesa fenti ya rufe hanci da baki da abin tace iska na gaske, ba tsumma ba.

Baƙin rufi mai kama da kwalta da ake fesa wa ƙarƙashin mota yana da amfani a kan ƙarfe mai tsabta kawai. Idan aka fesa shi a kan tsatsa, yakan kulle danshi a ciki, ɓarna ta ci gaba a ɓoye. Mataki na ƙarshe shi ne fesa kakin hana tsatsa a cikin ƙofofi da ƙarafa masu rami, bayan an kammala walda gaba ɗaya, saboda yana kamawa da wuta. Baƙin mai da wasu ke fesawa a madadinsa yana lalata robobi, yana tara ƙura, yana kuma gurɓata ƙasa da ruwa.

Bayan an rufe

Katakon da za a shimfiɗa a shafe shi da fenti ta kowace fuska, a ɗaure shi da noti ta yadda za a iya cirewa. A daina kwarara ruwa a cikin mota, a wanke ƙarƙashinta bayan damina, a kuma ɗaga leda sau ɗaya a shekara a duba gindin kujeru da bututun birki.

Ga mai sayen motar da aka riga aka mayar bas, ƙyallin fenti ba shaida ba ne. Ya nemi a ɗaga ledar ƙasa, ya leƙa ƙarƙashin mota da tocila, ya girgiza kujerun baya da hannu biyu. Aikin kawar da tsatsa kan jinkirta fara lodi da kamar mako guda, amma ƙarfen da aka gyara a wannan mako shi ne zai riƙe kujerun mutane 14 ko fiye a ranar da birki ya zo ba shiri.