Me ya sa zanga-zangar Kaduna ba ta tsayawa a Kaduna?

A Kafanchan aka haife ni, mahaifina falken shanu ne, yana lodi zuwa Lokpanta a jihar Abiya. Tun ina yaro na lura da abu guda: da zarar an ce ana ƙona taya a Kaduna, Baba zai fara neman direban tirela a waya, ko da motar ta wuce Makurdi. A da ina ganin tsoro ne kawai. Ashe lissafi yake yi.

Ga yadda abin yake tafiya. Masu zanga-zanga su fito a babban birni da ƙorafinsu a kan gwamnati. Gwamnati tana bayan katanga da sojoji, ba a kai mata, sai fushin ya sauka a kan maƙwabcin da ba shi da yawa a unguwar. Labari ya isa garin da dangin wanda aka taɓa suke da rinjaye, su ma su nemi baƙon da ke kusa da su. Mu ne baƙon nan a Aba, mu ne a Zonkwa.

Ranar 21 ga Fabrairu 2000 Kiristoci suka yi tattaki a Kaduna kan shirin kawo Shari'a, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. Tattaki ya rikiɗe ya zama faɗa, aka kashe Musulmi da Kirista masu yawa, har da 'yan kasuwa Inyamurai. Bayan kamar mako guda, da gawarwaki suka isa gida, aka far wa Hausawa a Aba, abin ya taɓa Owerri da Umuahia da Onitsha. Mai goron da ke bakin tasha a Aba, wallahi wani ko majalisar Kaduna bai san inda take ba.

Ta 2011 kuwa da idona na gani. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar Asabar 16 ga Afrilu, Jonathan da Buhari. Zuwa Litinin matasa sun cika titunan Kaduna da Zariya suna cewa an yi maguɗi, aka ƙona coci-coci da gidajen 'yan PDP, aka kashe mutane. Daren ranar wuta ta iso kudancin jihar: Zonkwa, Matsirga, Kafanchan. Kasuwarmu ta ƙone. Ina tuna Inna ta tura mu ƙarƙashin gado tana ta salati. Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 suka mutu cikin kwana uku a jihohi 12, fiye da 500 daga ciki a jihar Kaduna. Wasu danginmu sun daɗe a sansanin alhazai na Mando, wasunsu har yau ba su koma ba. Na san kuma Kiristocin da suka ɓoye maƙwabtansu Musulmi a ɗaki, da Musulmin da suka yi hakan, kada a manta da wannan.

Abin da ya sauya shi ne sauri. A 2000 labari ya ɗauki kwanaki a mota. Yanzu bidiyo ɗaya a WhatsApp ya isa, wani ma tsoho ne ko na wata ƙasa.

Mu 'yan shanu namu ya fi muni. Mai shago zai kulle ya gudu, amma sa ba ya shiga aljihu. Tirela tana kwana a hanya, ta Akwanga da Lafiya da Makurdi, duk shingen da matasa suka kafa sai ta tsaya. Ga kuma bashi: yawancin shanu a kan amana ake ba mahauta, idan gari ya watse wa za ka bi? Lokacin EndSARS a 2020 an ƙona motoci a Fagba ta Legas. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, a Fabrairun 2021, ƙungiyar fataken abinci da shanu ta tsayar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki.

Shi ya sa a Agustan 2024, da aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, tun kafin a sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya Baba ya dakatar da lodi. Ya kira mai masaukinmu a Lokpanta, ya ce a karɓo abin da za a iya karɓowa wurin mahauta, yara kuma su kwana cikin kara.