Aikatau "Kwaɓa": Ma'anarsa da Yadda Ake Amfani da Shi

"Kwaɓa" aikatau ne da ke nufin zuba ruwa kaɗan a cikin gari, a sa hannu a juya shi, a danna, har ya haɗe jikinsa ya yi kauri. Abin da aka samu bayan an gama, shi ake kira kwaɓi.

A ɗakin girki aka fi jin wannan kalma. Ana kwaɓa fulawa domin yin burodi da cincin da fanke. Masu gurasa a Kano sukan kwaɓa fulawa da yis, su rufe kwaɓin har ya tashi. Mai ɗanwake kuwa tana kwaɓa garin wake da na rogo da kuka da ruwan kanwa. Magini ma yana kwaɓa ƙasa ko siminti.

Dubi waɗannan jimloli:

Ladi ta kwaɓa fulawa.
Ladi ta kwaɓa ta.
Ladi tana kwaɓawa.
Fulawa ta kwaɓu.

A jimla ta uku ba a ambaci abin da ake kwaɓawa ba, shi ya sa aka ƙara "-wa". "Ta kwaɓu" kuwa yana nufin aikin ya yi kyau, babu gudaji.

Ɗalibai sukan rikita "kwaɓa" da "dama" da "tuƙa". Ana dama abu mai ruwa-ruwa, kamar fura ko kunu. Ana tuƙa tuwo da muciya a kan wuta. Wanda ya ce "na kwaɓa tuwo", Bahaushe zai gane cewa baƙon harshe ne. A kula kuma da lanƙwasar harafin "ɓ" wajen furuci da rubutu.

Kalmar tana da ma'ana ta hikima. Idan ruwa ya yi yawa a kwaɓi, aiki ya lalace. Don haka idan dabarar mutum ta ƙi ci, sai a ce "kwaɓarsa ta yi ruwa". Haka nan "al'amari ya kwaɓe" yana nufin ya rikice.

Aiki

1. Me ake nufi da kwaɓi?
2. Cike gurbi da kwaɓa, dama ko tuƙa:
a. Inna ta ______ kunu.
b. Binta ta ______ tuwon masara.
c. Mai burodi ya ______ fulawa.
3. Gina jimla da "kwaɓarsa ta yi ruwa".